TSINTUWA KO SATA?

Wanda ya tsaya a Ƙofar Durbi ta birnin Katsina, ya ba gari baya, ya fuskanci gabas, hanyar da ke gabansa ita ce mai zuwa Mani da Daura. In ya bi ta kamar mil 20, watau kilomita 32, zai kai wani wuri a ƙasar Mani da a ke kira Durbi ta Kusheyi. A can akwai waɗansu tuddai na ƙasa, ba su gaza takwas ba, waɗanda hannun mutum ya tara. Kusheyi ne, watau kaburbura. Katsinawa sun gaji labari daga kakanninsu cewa nan ne mazaunin Durbawa, sarakunan farko, tun daga Kumayo har zuwa Sanau, wanda Korau ya kashe ya karɓi sarauta. Har wa yau sarautar Durbi tana cikin manyan sarautun Katsina, ƙofar nan kuwa tana riƙe da sunan.

Mun fara da wannan ƙofa domin akwai wata tambaya da mu ke so mu bincika tare a wannan wata, amsarta kuwa tana can a ƙarshen hanyar. Ga tambayar: abin da mutanen dā suka bari a cikin ƙasa, kuɗinsu, da mundayensu, da tasoshinsu, na wane ne? In mutum ya tono shi ya sayar, tsintuwa ya yi ko sata?

Na'ura mai jin ƙarfe

Dā wannan tambaya ba ta cika damun kowa ba, gama sai jifa-jifa manomi ya kan ci karo da tsohuwar tukunya a bakin garmarsa. Yanzu kuwa akwai na'urar gano ƙarfe. Dukanmu mun san ƙaramarta, wadda masu tsaro su ke shafa wa mutane a ƙofar banki, da filin jirgi, har da ƙofar majami'a. Babbarta tana da doguwar ƙota kamar ta fartanya, da faifai a ƙasa. A cikin faifan akwai waya a naɗe. Wutar batir tana bi ta wayar, ta sa ƙarfin maganaɗisu ya shiga ƙasa. In ya tarar da ƙarfe, sai ƙarfen ya mayar da amsa, na'urar kuwa ta yi kuka. A Yaƙin Duniya na Biyu sojoji sun yi aiki da irinta wajen neman nakiyar da aka binne. Bayan yaƙi sai ta faɗa hannun masu neman tsofaffin kuɗi a Ingila da Amurka. A 2014, da labarin zinariya ya ɓulla a Jado, can arewa maso gabashin Nijar, dubban mutane suka tafi, da yawa cikinsu da wannan na'ura a kafaɗa. Tun daga nan samarin ƙasar Hausa ba su ɗauke ta baƙuwa ba.

To, bari mu yi misali. A ce wani saurayi daga cikinmu ya komo daga neman zinariya hannu wofi, ba abin da ya rage masa sai na'urarsa. Ga bashi, ga mata da 'ya'ya. Sai wani ya raɗa masa a kunne, ya ce, "Me ya kai ka hamada? Ga gindin ganuwa nan, ga kufai, ga tuddan Durbi. Akwai wanda zai saya." Saurayin nan ba ɓarawo ba ne. Bai taɓa haura katangar kowa ba. Sai ya zo wurin dattawa ya ce, "Baba, masu kayan nan sun mutu tun tuni, ba su da magaji. Wa na cuta?"

Kada mu yi saurin tsawata masa. Tambayarsa tana da nauyi, ya kamata a ba shi amsa mai nauyi.

Tono biyu a wuri ɗaya

Sau biyu aka buɗe tuddan Durbi ta Kusheyi da sanin hukuma. Na fari a 1907, sa'anda Bature H. R. Palmer, wanda ke aikin mulki a Katsina, ya sa aka haƙa waɗansu, tare da yardar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. An sami kayan yumɓu da na ƙarfe. Amma ina su ke yau? Masanan da suka bi sawunsu daga baya sun ce ga alama sun ɓace, abin da aka rubuta a kansu kuwa kaɗan ne ƙwarai. An tada waɗanda ke kwance a wurin, ba a kuwa ƙaru da wani abin kirki ba.

A 1959 gwamnati ta sa wurin cikin wuraren tarihi da doka ke tsarewa. A 1992 kuma waɗansu masana daga Jamus, ƙarƙashin Dierk Lange na jami'ar Bayreuth, suka buɗe tuddai uku. A tsakiyar kowane tudu suka tarar da mutum guda. Ba su tsince kayan ɗaya ɗaya ba, sai suka ɗauke su dunƙule tare da ƙasar da ke riƙe da su, aka kai gidan tarihi na Jos. Can suka zauna har 2007, sa'anda hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya da wani gidan tarihi na birnin Mainz a Jamus suka haɗa kai, aka buɗe dunƙulen a hankali, aka gyara, aka auna. Da aka gama aka komo da su Nijeriya.

Me aka gani? An ga kayan ado na zinariya, da na tagulla, da hauren giwa, da duwatsun wuya na gilashi, da wuri irin na Tekun Indiya. An ga ragowar tufa, da itace, da fata. An ga tasar ƙarfe da aka ƙera a ƙasashen Musulmi na gabas mai nisa da mu. Awo ya nuna ɗaya daga cikin kusheyin na farkon ƙarni na 14 ne, wani kuma na wajen ƙarshen ƙarni na 15 ne zuwa farkon na 16. Ta wurin wannan muka sani, ba da ji-ta-ji-ta ba, cewa shekara 500 zuwa 700 da suka wuce akwai manyan mutane a gabashin Katsina, masu arziki, masu maƙera gwanaye, waɗanda fatake ke kawo musu kaya daga ƙetaren hamada.

Wuri ɗaya ne, ƙasa ɗaya ce. Tonon fari ya bar rami. Na biyu ya bar wa kowane ɗan makaranta a Katsina abin da zai sani game da kakanninsa.

Abin da na'ura ba ta ji

Na'urar nan kurma ce ga kowane abu in ba ƙarfe ba. Ba ta jin ƙashi, ba ta jin gawayi, ba ta jin tsingaro, ko tufa, ko dutsen wuya. Ko kuɗin kakanninmu ma ba ta ji, gama wuri ne, ba ƙarfe ba. A 1851, sa'anda matafiyin nan Heinrich Barth ya ratsa Katsina ya wuce Kano, wuri 2,500 ne ke sayen riyal guda na azurfa. Kuɗin ƙarfe irin su anini da kwabo mai huji sai a zamanin Turawa suka bazu a hannun talakawa. Saboda haka mai na'ura, in ta yi masa kuka, sai ya sa diga ya fasa tukunya, ya watsar da ƙasusuwa, ya tattake gawayi, domin ya kai ga munduwa guda. Abin da ya watsar ɗin nan kuwa shi ne mai ba da labari.

Ga dalili. Kowane abu mai rai, ko itace ko dabba ko mutum, yana ɗauke da wani sinadari wanda ke soma raguwa daga ranar mutuwa, a kan ƙa'ida sananniya: rabinsa ya kan tafi cikin shekara 5,730. In masani ya sami guntun gawayi ko ƙashi a inda ya ke kwance tun asali, zai iya auna abin da ya rage, ya faɗi shekarunsa. Sa'an nan ya san shekarun munduwar da ke kusa da shi. Haka kuma ƙasa kanta a jere ta ke, ta jiya a bisa, ta shekaranjiya a ƙarƙashi. In an gauraya su, ba mai iya sake jera su.

Wani zai ce, ai kuɗin ƙarfe yana da shekararsa rubuce a jikinsa. To, ku ɗauki riyal ɗin nan mai hoton sarauniya Mariya Tireza ta Ostiriya, wanda fatake suka yi ciniki da shi a ƙasar Hausa, mata kuma suka narkar suka yi ado. Sarauniyar ta mutu a 1780. Amma aka ci gaba da buga shi shekara da shekaru bayanta, a birane dabam dabam, kowane guda kuwa an rubuta masa 1780. Wanda aka buga a zamanin kakan kakanmu da wanda aka buga a zamanin ubanmu, shekara ɗaya su ke faɗi. Ashe kuɗi shi kaɗai yana iya ruɗin mutum. Sai inda aka same shi, da abin da ke bisansa, da abin da ke ƙarƙashinsa, su ne shaidunsa.

Kamar a ce tsohuwa ta sami wasiƙa daga ɗanta da ke nesa, kafin a karanta mata sai yaro ya yanke kan sarkin, ya jefa takardar a wuta. Yaron ya sami abin wasa. Tsohuwar fa? Ba za ta ƙara jin abin da ɗanta ya faɗa ba har abada.

Tsintuwa da cigiya

Mutane su kan ce tsintuwa ba sata ba ce. Gaskiya ne. Amma a ƙasar Hausa tsintuwa ba ta tafiya ita kaɗai, tana da 'yar'uwa, sunanta cigiya. Wanda ya tsinci akuya ya kan kai ta gidan mai unguwa. Wanda ya tsinci jaka a kasuwa ya kan kai wa sarkin kasuwa, a yi shela. Littattafan shari'a da alƙalan ƙasar nan suka daɗe suna bi sun ce a yi cigiyar tsintuwa har shekara guda, dukiyar mutanen dā da aka tono kuwa a fid da humusinta, watau kashi ɗaya cikin biyar, domin jama'a. Ashe tun dā mutanenmu sun gane cewa hannun da ya fara taɓa abu ba shi kaɗai ke da hakki a kansa ba. Wanda ya tsinta ya ɓoye, ya fita da dare ya kai wa dillali, shi da kansa ya riga ya yanke wa kansa hukunci. In tsintuwa ce, don me ya ke gudun cigiya?

Akwai kuma bambanci tsakanin mai tsintuwa da mai farauta. Manomin da garmarsa ta buge tukunya bai fita nema ba. Mai na'ura kuwa ya fita da niyya, ya zaɓi wurin da ya san akwai kusheyi.

Bari mu lasafta masu hakki. Na ɗaya, wanda ya samo. Ya yi wahala, ya cancanci tukuici. Na biyu, mai gona. Ba daidai ba ne a shiga gonar mutum a huda ta ba da saninsa ba. Na uku, wanda ke kwance a wurin. Waɗanda suka binne shi sun yi kuka kamar yadda mu ke yi, suka sa masa abin da suka fi ƙauna, suka tara masa ƙasa kwando kwando. Mu ma muna da maƙabarta a bayan gari. In bayan shekara 500 wani ya zo da na'ura yana neman zoben auren iyayenmu mata, me za mu kira shi? Tsawon shekaru ba ya mai da mutum ya zama ba mutum ba. Na huɗu, waɗanda ba a haifa ba tukuna. Waɗannan su ne mafi yawa, su ne kuma ba su da baki. Saurayinmu ya ce kayan ba su da magaji. Ya yi kuskure. Magadan sun yi yawa ne har ba su ƙidayuwa, shi ma yana cikinsu. In ya sayar, ya sayar da rabonsa da na sauran duka, kamar ɗan da ya sayar da gonar gado tun ba a raba ba.

Dokar ƙasa ma a nan ta tsaya. Tun 1953 aka yi dokar kayan tarihi a Nijeriya. Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ta hana tono domin neman irin kayan nan ba da izini ba, ta hana sayensu da sayar da su sai ta hannun wanda aka amince masa, ta kuma hana fita da su waje ba da takarda ba.

Gardama huɗu

Mun san akwai masu gardama, ba kuwa marasa hankali ba ne. Bari mu ji su.

Na fari ya ce, "Yunwa ba ta san tarihi ba." Wannan ita ce gardama mafi ƙarfi, wanda bai taɓa kwana da yunwa ba ya yi hankali da bakinsa. Amma mu duba abin da ya faru a ƙasar Nok, kudancin Kaduna. A 1928 masu haƙar kuza suka fara cin karo da mutum-mutumin yumɓu gasasshe. A 1943 aka kawo wa Bernard Fagg wani kai daga Jama'a, wanda aka yi ta korar tsuntsaye da shi a gona. Daga nan duniya ta san cewa fiye da shekara 2,000 da suka wuce akwai gwanayen masu ginin yumɓu a ƙasarmu. Amma cikin shekarun 1990 dillalai suka shigo da kuɗi, ƙauyuka suka fita da diga, aka huda ƙasa kamar rariya. A lokacin nan ne kuma waɗansu mutum-mutumi suka cika kasuwannin Turai da sunan na Katsina da na Sakkwato. A 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, wadda a ke kira ICOM, ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗarin wawaso. Sunan Katsina yana kansu, amma da ya ke a ɓoye aka tono su, ɗan Katsina ba shi da inda zai je ya ce ga garin masu yinsu, ga yadda suka zauna. Wa ya yi arziki? Mai diga ya sami na cefane, dillalin birni ya sami na mota, na Turai ya sami na gida. Cefanen ya ƙare, ramin yana nan. Kwaɗayi mabuɗin wahala, amma sau da yawa mai kwaɗayin dabam, mai shan wahalar dabam.

Na biyu ya ce, "Ai kayan tsafi ne. Me ya haɗa mu da su?" Wannan gardama a cikin ikilisiya a kan fi jinta. Amsa ita ce, ajiye abu dabam, yi masa sujada dabam. Ba wanda ya ce mu durƙusa wa munduwar Badurbe. Amma mutanen nan su ne tushenmu, ko mun bi hanyarsu ko ba mu bi ba. Wanda ya raina kakansa domin bai san abin da shi ya sani ba, jikansa ma zai raina shi. In kuwa da gaske muna ƙyamar kayan, yaya kuɗinsu ya zama da tsarki a aljihunmu?

Na uku ya ce, "Turawa ma sun tona. Palmer ya tona, kayan sun ɓace. Gidajen tarihin ma a kan yi sata a cikinsu." Ba mu musa ba. An yi sata a gidan tarihi na Jos a 1987, an yi a waɗansu kuma. Dunƙulen Durbi sun yi shekara 15 suna jira a ɗakin ajiya. A 2000 gidan tarihi na Louvre a Faris ya baje kayan Nok da na Sakkwato waɗanda aka fitar ba bisa doka ba, sai bayan an yi ta surutu Faransa ta yarda cewa na Nijeriya ne. Ilimi ba ya wanke mutum daga laifi, masani ma in zai buɗe kushewa wajibi ne ya nemi yardar mutanen wurin, ya yi da ladabi, kada kuma ya buɗe in ba da dalili mai ƙarfi ba. Amma laifin babba ba ya zama izinin ƙarami. Abu uku ne ke raba tonon kirki da na ɓarna: an nemi izini? An rubuta abin da aka gani? Kayan sun tafi inda kowa zai gan su, ko inda mutum ɗaya zai kulle su? Da wannan ma'auni za mu auna Bature, da shi kuma za mu auna kanmu.

Na huɗu ya tuna mana da misalin nan na cikin Matta sura 13, na mutumin da ya sami dukiya a ɓoye a gona. Masu karatunmu sun san misalin yana koyar da darajar Mulkin Sama ne, ba ƙa'idar tsintuwa ba. Duk da haka ku lura, ko mutumin nan bai kwashe da dare ba. Sai da ya rabu da dukan abin da ya ke da shi ya sayi gonar.

Guduma da ta ɓace

Ba mu ce na'urar kanta mugun abu ce ba. Wuƙa ɗaya ce a hannun mahauci da a hannun ɗan fashi. Ga labari biyu daga Ingila, inda masu wannan nema su ke da yawa.

A watan Nuwamba 1992, shekarar da aka buɗe tuddan Durbi, wani manomi a ƙauyen Hoxne ya yar da gudumarsa a gona. Ya roƙi abokinsa Eric Lawes, wani dattijo mai na'ura, ya taya shi nema. Maimakon guduma sai ga cokulan azurfa da kuɗin zinariya. Da dattijon ya ga abin ya fi ƙarfinsa sai ya dakata, suka sanar da 'yan sanda da masu ƙasar. Kashegari masana suka zo suka kwashe sauran a tsanake. Aka sami kuɗin Romawa fiye da 14,000, da kayan azurfa da na zinariya wajen 200, waɗanda aka binne bayan shekara ta 407. Domin ba a hargitsa wurin ba, har aka ga alamar akwatin itacen da aka zuba su a ciki, da ciyawa da tufa da aka naɗe su. Aka biya tukuicin fam 1,750,000, ya raba da manomin. Gudumar ma an same ta, aka ajiye ta tare da kayan a babban gidan tarihi na Landan.

A 2015 kuma waɗansu mutum biyu suka sami wata dukiya kusa da garin Leominster, wadda aka binne fiye da shekara 1,000 da suka wuce. An ƙiyasta kuɗin da ke ciki sun kai 300. A cikinsu akwai masu hoton sarakuna biyu zaune tare, abin da ke nuna Sarki Alfred da Sarki Ceolwulf sun yi ƙawance, ko da ya ke marubutan dā sun ƙasƙantar da na biyun. Mutanen nan suka ɓoye, suka shiga sayarwa a asirce. A 2019 aka ɗaure su. Mafi yawan kuɗin kuwa suka watse.

Akwai darasi a nan domin hukuma kuma. Dokar Ingila ta 1996 ta sa a kimanta abin da aka samo, a biya mai samowa da mai gona. Inda mai gaskiya ya san ba zai tashi a banza ba, gaskiya ta kan yi sauƙi. Ya kamata masu mulkinmu su kula da wannan, mu kuma mu riƙa tuna musu. Amma kada mu ce sai an sa wa gaskiya farashi za mu yi ta. A Igbo-Ukwu, can ƙasar Ibo, wani mutum mai suna Isaiah Anozie yana haƙa ramin tara ruwa a gidansa gab da Yaƙin Duniya na Biyu, sai ya tarar da kayan tagulla masu ban mamaki. Bai ɓoye ba, har da ɗaya daga cikin tasoshin ya ke ba awakinsa ruwa. Labari ya kai ga hukuma, a 1959 Thurstan Shaw ya zo ya yi tono a wurin, aka gane kayan sun kai shekara 1,000. Mutumin bai zama attajiri ba, amma sunansa ne aka sa wa wurin, ana kuwa karanta shi a makarantu har yau.

Me za mu yi?

Ga shawararmu ga 'yan'uwa. In garma ko diga ta buɗe maka tsohon abu, dakata. Kada ka wanke, kada ka kankare, kada ka ƙara zurfi. Rufe shi, ka sa alama, in kana da waya mai hoto ka ɗauka yadda ya ke kwance. Ka gaya wa mai gona da mai unguwa ko dagaci, ku tafi tare, kada ka tafi kai kaɗai, ku sanar da ma'aikatan gidan tarihi. A Katsina yana cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922. Ka roƙa a rubuta sunanka da abin da ka kawo, a ba ka takarda. In ƙasusuwan mutum ne, ka yi musu abin da ka ke so a yi wa naka.

In kana da na'ura, akwai aikin halal da za ta yi: neman zoben da ya faɗi a rairayi, da bututun ruwa da ya ɓace a ƙasa, da ƙusoshi a filin wasan yara. Amma ka nisanci kusheyi, da kufai, da gindin ganuwa.

Ku dattawan ikilisiya, in saurayin nan ya zo muku, kada ku sallame shi da wa'azi kaɗai. Wanda ya hana mayunwaci abin da ke gabansa, wajibi ne ya taya shi neman wani. A bincika bashinsa, a nema masa aiki ko jari. In kuma wani ya kawo baiko mai kauri, aka san daga kushewa ya fito, kada kaurinsa ya rufe mana baki.

Ku malaman makaranta kuma, ku kai yara su ga kayan nan da idonsu. Yaron da ya tsaya gaban abin wuyan da aka ƙera shekara 600 da suka wuce, aka ce masa mutanen ƙasarku ne suka sa wannan, da wuya ya girma ya sayar da irinsa a kan kuɗin cefane.

Ganuwar Katsina ta riga ta zaizaye a wurare da yawa, an ɗebi ƙasarta an yi gini, ba wanda zai iya mayar da ita. Abin da ya rage a ƙarƙashin ƙasa shi ne ajiyar da ba a taɓa ba tukuna. Ba mu muka ajiye ba, ba kuma domin mu kaɗai aka ajiye ba. Saurayinmu ya tambaya, "Wa na cuta?" Sai mu kama hannunsa mu kai shi Ƙofar Durbi da hantsi, lokacin da yara ke wucewa zuwa makaranta, mu nuna masa su.